Kaya sun ƙaru, wayar bango tana nan yadda take: me gidajen Damagaram ke buƙata kafin a ƙara musu wuta?

Da zarar bazara ta kama a Damagaram, watan Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, koken masu gidaje kusan iri ɗaya ne daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Karkada. Wuta tana nan a unguwa amma disjonktar na gida, wato na'urar da ke yanke wuta idan kaya sun yi yawa, sai faɗuwa yake yi. Piriz, wato wurin jona kaya a bango, ya yi baƙi yana warin roba. An sayi kilim, na'urar sanyaya ɗaki, sabo fil, da dare sai ya yi gurnani ya ƙi tashi. Wanda ya kai kukansa majalisa yakan dawo da shawara uku: ya je kamfanin wuta na NIGELEC a ƙara masa abonma, wato iyakar wutar da aka yarje masa, ko ya sayi regilatar mai daidaita ƙarfin wuta, ko ya haƙura ya koma sola. Kowace daga cikinsu tana da inda take magani, sai dai ciwon da kowace ke warkarwa daban ne. Akwai kuma abu na huɗu da ba a cika kawowa a zance ba domin ido ba ya ganinsa, wato wayar da ke binne cikin bango tun ranar da aka ja wa gidan wuta.

## Kalmomi huɗu da lissafi ɗaya

Volt shi ne ƙarfin da ke tura wuta. A Nijar gida yana karɓar volt 220 a waya guda, ko 380 idan layi uku aka ja masa, wanda masu sana'ar ke cewa tirifaze. Ampa shi ne yawan wutar da ke bi ta cikin waya a lokaci guda. Wat shi ne abin da na'ura ke ci, kuma wat 1,000 ne kilowat ɗaya. Lissafin da ya haɗa su ba shi da wuya: a raba wat da volt, ampa ya fito. Dutsen guga mai wat 1,100 yana jan ampa 5.

Abonma kuwa yarjejeniya ce tsakanin mai gida da kamfani kan iyakar abin da zai ja a lokaci ɗaya. Ƙananan gidaje galibi kilowat 3 ne, na gaba da shi kilowat 6, sannan a yi sama. Kilowat 3 bai kai ampa 14 ba. Babban disjonktar da ke kusa da kontar, wato mitar wuta, shi ke tsare wannan iyaka. Iyakar alhaki ma a nan take: daga falwaya zuwa kontar na kamfani ne, daga nan zuwa cikin ɗakuna kuwa na mai gida ne, shi da wanda ya ɗauko ya ja masa waya.

Yanzu a ɗauki gida matsakaici a daren bazara. Kilim ɗaya na cin wat 1,200 ko kusa da haka. Firigo 150, firigon ƙanƙara na uwargida 200, fanka uku 210, talabijin 100, fitilu 100. An doshi wat 2,000 ke nan. Da zarar yaro ya jona dutsen guga don rigar makaranta, ko wani ya saka butar lantarki mai wat 1,500 zuwa 2,000, an tsallake kilowat 3. Idan disjonktar ya faɗi a wannan hali ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ya yi.

## Yadda aka zo nan

Yawancin gidajen tsofaffin unguwanni an ja musu wuta ne a zamanin da kayan wutan gida bai wuce ƙwan fitila, rediyo da fanka ba. Waya siririya layi ɗaya ta zagaye ɗakuna duka, kuma ta isa. Gidan Bahaushe kuwa ba ya tsayawa yadda aka gina shi. Ɗa ya yi aure a tada masa sashe, a buɗe shago a jikin zaure, a ƙara ɗakunan haya a baya. Kowane ƙari sai a jona daga piriz mafi kusa, a naɗe mahaɗar da salatif, a shafe da ƙasa ko siminti. Bayan shekara ashirin babu wanda ya san inda wayar ta bi, har shi mai gidan.

Kayan da suka shigo daga baya su ne masu nauyi. Ƙwan fitila na LED ya rage cin wuta ƙwarai, wat 9 ko 12 a maimakon 60, amma abin da ya rage bai kai ko kusa da abin da kilim, hita da firigon ƙanƙara suka ƙaro ba. Ƙarancin ruwa da garin ya daɗe yana fama da shi ma ya sa hannu: duk gidan da ya samu hali ya kafa tanki da injin tura ruwa, kuma injin yakan zauna a tsakar gida, inda ƙasa ke jiƙe, yara kuma ke yawo ba takalmi.

Sai kuma tushen wutar kanta. NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ya daɗe yana sayo mafi yawan wutarsa daga Najeriya, kuma yankin Zinder da Maraɗi na shan tasu ne ta layin kilovolt 132 da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar a farkon watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ba a mayar da ita ba sai a watan Maris na 2024. A waɗannan watanni mutane da yawa suka nemi mafita da aljihunsu, wasu gurup, wato janareta, wasu faifan sola da batir. An jona su cikin gaggawa, a kan tsohuwar wayar nan dai. Yau gida ɗaya sai ka iske wuta tana shigo masa ta hanya biyu ko uku, alhali an tsara shi ne don ɗaya.

## Me ya sa waya ke zafi

Nan ne zuciyar maganar. Kowace waya tana da iyakar ampa da za ta ɗauka gwargwadon kaurinta. Ƙa'idar Faransa mai lamba NF C 15-100, wadda masu koyon sana'ar a ƙasashen renon Faransa suka saba bi, ta ware kowace da aikinta: waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 don fitilu, da disjonktar da bai wuce ampa 16 ba, mai 2.5 don piriz da manyan kaya irin su hita, da ampa 20. Mai 6 don murhun lantarki, da ampa 32. Ƙaramin disjonktar da ke cikin tablo, wato akwatin da ke raba wa layukan gida wuta, ba na'ura yake karewa ba, waya yake karewa. Aikinsa ya yanke wuta kafin wayar ta kai zafin da zai narkar da robar jikinta.

Zafin kuma ba ya hawa daidai da ampa, tsalle yake yi. Idan ampa ya ninka sau biyu, zafin da waya ke fitarwa yana ninkawa sau huɗu. In ya ninka sau uku, sau tara. Shi ya sa wayar da ta yi shekara goma sha biyar lafiya ƙalau take iya ƙonewa cikin bazara ɗaya bayan an ɗora mata kilim.

Yanayin garin yana ƙara tsananta abin. Alƙaluman da ke cikin littattafan sana'a an ɗora su ne a kan iska mai digiri 30, kuma robar PVC da ke jikin waya ba a so ta wuce digiri 70. Idan iskar da ke kewaye ta kai 40, abin da wayar za ta iya ɗauka yana sauka zuwa kashi 87 cikin ɗari. A 45 ya koma 79. A 50 ya koma 71. Duk wanda ya taɓa leƙa tsakanin silin da kwano da tsakar rana a watan Mayu ya san digiri 50 ba wani abu ba ne a can, kuma nan ne wayoyin gidajen kwano da yawa suke kwance. Ma'ana, kaurin da ya wadatar a ƙasa mai sanyi, a Damagaram yana bakin gaɓa.

Ga kuma ingancin wayar. A kasuwa akwai jan ƙarfe na gaske, akwai alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya kawai. Alminiyom yana ɗaukar wuta kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka, yana da saurin karyewa, kuma yana sassautawa a wurin ɗauri. Gane shi ba ya buƙatar na'ura: a kankare bakin wayar da wuƙa, in cikinta fari ne to alminiyom ce, kuma ƙunshinta ba ya da nauyi a hannu. Akwai kuma wadda aka rubuta 2.5 a jiki amma robar ce mai kauri, ƙarfen ciki bai kai ba. Mafi yawan wurin da gobarar lantarki ke tashi ba tsakiyar waya ba ne, mahaɗa ce: inda aka murɗa waya biyu da hannu, ko piriz da kusoshinsa suka saki, ko ralonj, wato wayar ƙarin piriz, mai siririyar waya da aka ɗora wa firigo da hita lokaci ɗaya.

## Ƙara abonma, sayen regilatar, ko rage kaya

Masu cewa a ƙara abonma suna da hujja mai ƙarfi. Gidan da ke da kilim biyu ba zai zauna a kilowat 3 ba, duk dabarar da aka yi. Abin da ake mantawa shi ne, a gidajen da ba su da tablo, babban disjonktar ɗin nan shi kaɗai ne ke tsare wayar gidan gaba ɗaya. Idan aka ɗaga shi daga ampa 14 zuwa wajen 27 alhali waya mai 1.5 ce a bango, faɗuwar za ta daina, wayar kuma za ta ci gaba da dahuwa ba mai tsayar da ita. An ƙara girman guga ke nan, igiyar tana nan yadda take. Ban da haka, matakin abonma yana shafar abin da ake biya a faktir, don haka ya kamata a tambayi farashin sabon matakin a ofishin kamfani kafin a sa hannu. Masu taɓa hatimin disjonktar ko su kewaye shi da waya kuwa, sun haɗa laifi a gaban doka da haɗari a cikin gida.

Regilatar maganin wani ciwo ne daban, wato ƙarancin volt. A ƙarshen layi, ko da magariba lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, wutar tana iya sauka ƙasa da 200. Injin kilim ko firigo idan volt ya ragu ƙarin ampa yake ja, ya yi zafi, wani lokaci ya ƙone. Regilatar na ɗaga volt ya ceci injin, amma ba ya ƙirƙiro wuta: abin da ya ƙara a volt a ampa yake karɓo shi. Kilim mai wat 1,200 yana jan kusan ampa 5.5 a volt 220. A 170 sai ya koma 7, zafin waya ya ƙaru da fiye da rabi. Saboda haka gidan da ke fama da ƙarancin volt ya fi kowa buƙatar waya mai kauri. Kafin a kashe kuɗi, gwaji ɗaya na raba gardama: a auna volt a bakin kontar, a kuma auna a piriz na ɗakin ƙarshe, kaya suna kunne. Idan a kontar ma ƙasa yake, matsalar layin kamfani ce, can za a kai ƙara. Idan a kontar lafiya lau ne amma a ɗaki ya faɗi, wayar gida ce ke shanye shi.

Akwai kuma masu cewa a rage kaya maimakon a ƙara wuta. Kilim mai inbata, wanda injinsa ke tashi a hankali, ba ya fizgar wuta lokacin tashi kamar tsohon yayi, wanda ke jan ninkin abin da ya saba ci sau da dama a daƙiƙun farko. Fanka mai ruwa tana cin wat 100 zuwa 200 kacal, kuma a busasshen zafin Maris da Afrilu tana aiki sosai. Da damina ta kusato iska ta yi laima sai amfaninta ya ragu. Dafa ruwa da gas maimakon hita shi kaɗai yana sauke kilowat biyu daga kan waya. Wannan hanya ita ce mafi araha, kuma ga gidaje da yawa ta isa. Iyakarta ita ce ba ta gyara mahaɗar da ta riga ta ƙone a cikin bango.

## Wayar ƙasa a garin duwatsu

Duk abin da aka faɗa zuwa nan kariya ce daga gobara. Kariyar rai wani fanni ne. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ampa ba tana iya tsayar da zuciyar mutum, kuma disjonktar mai ampa 16 ba zai ko motsa ba saboda ita. Abu biyu ke wannan aiki tare. Na farko wayar ƙasa, mai launin kore da ɗorawa, wadda ke haɗa gangar jikin firigo, hita da injin ruwa da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Na biyu diferansiyel mai miliampa 30 (miliampa 1,000 ne ampa ɗaya), wanda ke kwatanta wutar da ta shiga da wadda ta dawo, in ya ga ta zurare ta wani wuri ya yanke cikin ƙiftawar ido. Babban disjonktar na bakin kontar a tsarin Faransa sau da yawa yana da irin wannan aiki, amma a miliampa 500, wanda ya yi wa jikin mutum yawa.

A Damagaram kafa wayar ƙasa ba ƙaramin aiki ba ne. Garin zaune yake a kan dutse, ƙasar kuma bushe take mafi yawan shekara, busasshiyar ƙasa mai duwatsu kuwa ba ta karɓar wuta da sauƙi. Sanda guda da aka buga a gindin bango tana iya zama ado kawai. Ƙa'idar Faransa ta ce kada awon turjiyar ƙasa ga wuta ya wuce om 100, kuma da na'ura ake auna shi, ba da ido ba. Awon da aka yi a watan Agusta yaudara ne, na rani shi ne na gaskiya. Inda sanda ɗaya ta gaza ana kafa biyu ko uku nesa da juna a haɗe su, a nemi wurin da danshi ke zama. Wasu masu gyara na zuba gishiri da gawayi a ramin. Hakan na saukar da awon na ɗan lokaci, amma gishirin yana cin ƙarfen, ruwan sama kuma yana wanke shi. Mai sabon gini ya fi kowa sa'a: in aka shimfiɗa wayar jan ƙarfe marar roba zagaye da ramin tushe kafin a zuba kankare, an samu wayar ƙasa mai inganci da kuɗi kaɗan.

Diferansiyel yana da maɓallin gwaji a jikinsa. A riƙa danna shi sau ɗaya a wata; ƙurar hunturu tana shiga cikin tablo ta daskarar da abubuwa.

## Gurup da sola a kan tsohuwar waya

Hanya mafi muni ta jona gurup ita ce waya mai kai biyu da ake sokawa a piriz. Idan aka manta ba a kashe babban disjonktar ba, wutar gurup na komawa kan layin unguwa, inda ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton babu wuta. In wutar kamfani ta dawo kuma ta ci karo da ta gurup. Maganinsa maɓallin sauya hanya ne, wanda ba ya barin hanyoyin biyu su haɗu ko da an so.

Sola tana da nata lissafin da ke ba mutane mamaki. Wat 1,200 da ke jan ampa 5.5 a volt 220, a gefen batir mai volt 12 ampa 100 yake ja, a 24 ampa 50, a 48 ampa 25. Wayar da ke tsakanin batir da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama ta gida, dole ta zama mai kauri sosai, gajera, da fiyus kusa da batirin. Batirin dalma an auna shi ne a digiri 25, kuma kowane ƙarin kimanin digiri 10 yana rage masa rabin kwana, ga iskar gas da yake fitarwa lokacin caji. Ɗaki rufaffe mai kwano ba wurinsa ba ne. Masu goyon bayan sola sun yi gaskiya da suka ce rana ba ta yanke wa Damagaram, kuma don fitila, fanka, firigo da cajin waya ta wadatar. Masu taka-tsantsan ma sun yi gaskiya: riƙe kilim har asuba a kan batir kuɗi ne mai yawa. Tsakiyar da ta fi dacewa ita ce a raba tablo gida biyu, layin kayan da ba a so su mutu a gefe, manyan kaya a bar su kan wutar kamfani.

## Gyara gaba ɗaya ko kaɗan-kaɗan

Mai hali zai cire tsohuwar waya duka ya sake sabuwa, kuma in robar ta bushe tana farfashewa a hannu babu wata hanya sai wannan. Amma mafi yawan magidanta ba su da kuɗin a dunƙule, kuma bi da bi ma gyara ne muddin an kiyaye jeri. A fara da lissafin kaya da duba mahaɗu. Sai tablo mai diferansiyel da ƙananan disjonktoci, tare da wayar ƙasa. Sai a ja wa kowane babban kaya layinsa daga tablo, kilim da nasa, hita da nasa, injin ruwa da nasa, tsohuwar waya a bar mata fitila da fanka kamar yadda aka yi ta tun farko. Wayar da ta taso daga kontar zuwa tablo a duba ta, domin duk nauyin gida ta kanta yake bi. Neman ƙarin abonma shi ne na ƙarshe.

A gidajen ƙasa na Birni da Zango ba lallai ne a fasa bango ba. Ana iya bin jikin bango da bututu ko magudanar roba mai murfi; bai kai binnewa kyan gani ba, amma ana ganin abin da ke faruwa, gyara ma ya fi sauƙi. Abin da bai kamata ba shi ne a binne waya tsirara cikin ƙasar da damina ke jiƙawa, ko a buga ta da ƙusa jikin azara.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne ƴan haya da masu kontar ɗaya gida biyar. Mai gida ba ya son kashe kuɗi a kan abin da ba shi ke amfani da shi ba, ɗan haya kuma ba zai zuba dukiya a bangon wani ba, sai a zauna a kan ralonj. Sulhun da ke yiwuwa shi ne ɗan haya ya ja layin kilim ɗinsa da sanin mai gida a cire daga kuɗin haya, kowane sashe kuma a sa masa ƙaramin disjonktar da ƙaramar kontar, wanda ke kashe rigimar rabon faktir ma. Matan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, waɗanda jarinsu duka firigo ɗaya ne, layi na musamman da na'urar da ke jinkirta tashin firigo na ƴan mintuna bayan wuta ta dawo sun fi musu arha nesa ba kusa ba a kan sayen sabon inji.

Wajen zaɓen mai aiki, a tambaye shi kaurin wayar da zai sa wa kowane layi da dalilinsa, da yadda zai auna wayar ƙasa, a kuma nemi ya rubuta sunan kowane layi a jikin tablo ya bar zanen inda waya ta bi. Lokacin aikin shi ne sanyin Disamba da Janairu, sa'ad da gida zai iya wuni ba wuta kuma masu gyara ba su yi wuyar samu ba. In kuwa piriz ya riga ya kama da wuta, a fara kashe babban disjonktar, kada a watsa ruwa, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.